Motar Kawu Mai Ƙara Baƙin Mai da Kanta

Har yau akwai mutane a tashar Sabon Birni da in na gifta sai su rage murya su ce, ga wanda ya sauke kawunsa daga mota. Ina jin su sarai. Ban taɓa juyowa na ba su haƙuri ba, kuma ba da furfurata zan fara ba. Ranar da abin ya faru ni ne tsaye a bayan motar, hayaƙinta yana shiga idona, su kuwa suna rumfar mai shayi suna tsoma burodi.

Tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, motocin da ke zuwa Isa ranar kasuwa suka daina fita ɗai-ɗai. Sai a taru a yi layi, a jira rakiyar jami'an tsaro, a tashi gaba ɗaya, kuma ba a tsayawa sai an kai. Mota ɗaya in ta mutu a tsakiyar daji, ko dai kowa ya tsaya saboda ita, ko a wuce a bar ta da mutanen cikinta. Duka biyun babu na zaɓe. Shi ya sa manyan tasha suka yanke cewa kafin mota ta shiga layi sai an duba ta. Wani yana duba taya da birki, ni kuma aka ba ni injin, musamman na tsofaffin motocin gas da ake shigowa da su daga Nijar, don su ne suka fi yawa a wurinmu.

Ba don kyan fuskata aka zaɓe ni ba. Na yi shekaru ina tuƙi, da ciwon baya ya sauke ni sai na koma Isa wurin wani dattijo mai gyaran nozul, wato ƙarfen nan da ke fesa man gas cikin injin, kowace silinda da nata. Damina uku na yi a rumfarsa, kuma can na koyi karanta hayaƙi. Baƙin hayaƙi ba ya tayar mini da hankali sosai, sau da yawa matatar iska ce ta toshe, ko kuma direba ya sa an buɗe masa famfon gas don yana ganin ƙarfi ke nan. Shuɗi yana nufin injin yana cin baƙin mai. Fari shi ne mai ruɗin mutane. Akwai wanda ke watsewa kafin ya kai ƙirjin mutum, in ka tara hannu ya jiƙa maka tafi, wannan ruwa ne. Akwai kuma wanda ke tsayawa a iska ya ƙi tafiya, ya sa ka hawaye ba wanda ya mutu. Wannan ɗanyen gas ne da bai ƙone ba, nozul ya gaji, ya daina feshi ya koma ɗiga.

Direbobi ba wawaye ba ne. Nan da nan suka gane in injin ya yi zafi farin hayaƙi yana raguwa, sai mutum ya tayar da motarsa a gida tun da sassafe, ya bar ta ta ɗumama, sannan ya shigo tasha yana murmushi kamar ango. Sai na kafa doka: mota da sanyinta za a tayar da ita a gabana. Duk wadda na ɗora hannu a bonet ɗinta na ji ɗumi, ta koma gefe ta huce. An zage ni a kan haka, an ce ina ji da kaina, an ce hancina ya fi ƙarfin fuskata. Daga baya kowa ya saba.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗora hannu a bonet ɗinsa ba, shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyata. Shi ya koya mini tuƙi, kuma har yanzu in na ji giya ta yi ƙara ƙeyata takan tuna da hannunsa. Dogon mutum ne mai faɗa da kyauta, in ya ba ka goro sai ya haɗa maka da baƙar magana. Motarsa doguwa ce fara, mai kujeru layi uku, ta tsufa har ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Duk tashar babu wanda bai san abin alfaharinta ba: ba ta shan baƙin mai. Ba ma haka kawai ba, ƙara shi take yi da kanta. Bayan 'yan kwanaki sai Kawu ya zaro geji, sandar auna man, a gaban mutane ya nuna, man ya wuce alama. Sai ya kwance notin ƙasan injin ya tsiyayi kaɗan a gwangwanin madara ya rabar. Masu amalanken shanu sukan karɓa su zuba a gindin taya, wani Bafillace ma yakan zo takanas ya karɓa don shafa wa raƙuminsa a gyambo.

Kawu ya san daga inda abin ya fito. Wata damina ya tarar da wani malami na Alkalawa a bakin hanya, ruwa yana dukansa, ya rungume littattafansa cikin riga. Ya ɗauke shi har ƙofar gida, malamin ya dafa motar ya ce Allah ya sa mata albarka. Iyakar abin da malamin ya faɗa ke nan, bai ce wa kowa addu'a tana haifar da baƙin mai ba. Sauran duk Kawu ne ya ƙarasa da kansa.

Lokacin ina direba dariya nake yi, ina cewa motar Kawu ta fi saniyar tatsa. Da na dawo daga Isa na daina dariyar, domin na san abin da ke sa mai ya hau geji. Amma na yi shiru. Kunya ce, ba wani abu ba. Kasuwa uku Kawu yana shigowa da injin da ɗuminsa, ya ɗaga mini hannu daga nesa, ni kuma in kau da kai in yi kamar ina duba wata motar. Ina tsare 'ya'yan mutane a gefe su huce, ina barin kawuna ya wuce. In na tuna wannan har yanzu raina yakan ɓaci, kuma da kaina nake fushin.

Ranar kasuwa ta huɗu gero ya riga ya yi tsayin da zai ɓoye mutum a tsaye, lokacin da kowa ya fi tsoron hanya. Kawu ya shigo da hantsi, ya riga ya yi lodi tun daga unguwa, mutum tara ban da buhuna a sama. Ya tsaya a layi bai kashe injin ba. Na zo wucewa ta bayansa za ni wata motar, sai idona ya ɗauki yaji. Na tsaya. Injin yana da zafi, amma duk da haka salansa tana tofo fari-fari, motar kuma tana rawa a silo, ba a ko taka ta ba. Ta gilashin baya na hangi wata tsohuwa 'yar Kamarawa da jikarta a cinya, tana ɓare mata gyaɗa.

Na zagaya na ce, "Kawu, kashe ta in gani."

Ya dube ni ta taga. "Mi kaka son gani, ɗan nan?"

"Geji."

Ya yi dariya, don in dai geji ne ya san ba ya jin kunya. Ya kashe, ya fito da kansa ya ɗaga bonet, ya zaro ya miƙo mini yana kallon mutane. Man ya wuce alama da faɗin yatsa. Na karɓi kwalin sukari a hannun mai shayi na ɗiga a kai. Baƙin mai na gaskiya yakan tsaya wuri ɗaya da kaurinsa. Wannan kuwa gudu ya yi, ya bazu, gefensa ya yi haske. Na shinshina, na miƙa masa.

"Gas na, Kawu. Nozul ɗinka na ɗiga. Abin da bai ƙone ba shi ka sauka ƙasa shi gauraye da baƙin mai. Shi as sa kaka ganin yana ƙaruwa."

Bai karɓi kwalin ba. Na ce ya tayar da ita, ya tayar, don har lokacin yana ganin zai kunyata ni. Na ɗauki sifana na sassauta bututun nozul na farko, injin ya rage murya ya yi kamar zai mutu. Haka ake so, alama ce silindar tana aiki. Na ɗaure. Na biyu ma haka. Da na sassauta na uku, injin ko a jikinsa, ƙararsa ba ta canza ba. Na huɗu ya ɗan motsa kaɗan. Wato da ƙafa biyu da rabi motar take tafiya, man da ke cikinta kuma ya tsinke ya kusa zama ruwa. Irin wannan injin ba ya sallama kafin ya buga. Yana iya kai ka Isa sau ashirin, a na ashirin da ɗaya ya tsaya inda babu ko bukka.

Na goge hannu na ce, "Wagga ba ta shiga layi yau."

Mai shayi ya daina fifita wuta. Kawu ya ce, "Wagga mota ta girme ka ga hanya. Ni nik koya maka riƙon sitiyari, yau kai za ka hwaɗa min motata ba ta tahiya?"

"Kai kak koya min, Kawu. Amma ba ta tahiya."

Ciyaman na tasha ya jawo ni gefe, mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ce, "Haba, bar shi shi wuce, dattijo na. Yau ɗai. In an dawo sai ku yi magana cikin gida."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in tat tahi, ni kau za ni aje aikin yanzu. Ku nemi wani hancin. Ba ni tsare ɗiyan mutane in saki nawa."

Da ƙarfi na faɗa don kowa ya ji, kuma kowa ya ji. Fasinjan farko da ya buɗe ƙofa ya fito wani mai sayar da barkono ne, sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kau da ido. Aka hau sama aka kwance buhuna. Sauke wa direba lodi a gaban jama'a, duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san babu abin da ya kai shi ciwo. Kawu yana tsaye hannunsa a baya har aka gama. Sannan ya ce, kowa yana ji, in cire nozul ɗin guda huɗu in kai wa maigidana na Isa. In an same su lafiya, in bar tashar nan har abada. Na ce na yarda.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna tana zaune tana tsince wake, ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙanena kak kunyata gaban jama'a?" Na fara yi mata bayanin gas da baƙin mai, ta ɗaga hannu ta ce ita ba bakanike ba ce, abin da ta sani shi ne lokacin da mahaifina ya rasu, Kawu ne ya zo da wannan motar ya kwashe mu da kayanmu. Gaskiya ta faɗa. Na zauna na ji duka, ban ce na yi kuskure ba, domin ban yi ba.

Kasuwa ta gaba muka tafi Isa, shi a wata mota, ni a wata, nozul huɗu naɗe cikin tsumma a aljihuna. Rumfar maigidana tana bayan kasuwa, yana da wani abin gwaji mai hannu kamar na famfon rijiya. Ya ɗaura na farko, ya ce kowa ya janye hannunsa, ya danna. Ya yi ƙara tsit-tsit ya feso kamar hazo. Na biyu ma ba laifi. Da aka zo na uku babu ƙara, babu feshi, sai ɗigo ya taru a bakinsa ya faɗo, wani ya taru ya faɗo, kamar hancin mai mura. Na huɗu kuwa tsartuwa yake yi gefe guda.

Kawu ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "To, man da ka ƙaruwa hwa?"

Maigidana ya nuna ɗan tafkin da ya taru a kan tebur. "Shi na wanga, Alhaji."

Ban ji daɗin nasarar ba kamar yadda na zata. Na ga fuskar Kawu, na ga yana tuna gwangwanayen madarar da ya rabar shekara da shekaru, da raƙumin mutane da aka yi ta shafa wa gas a gyambo. Da za mu fita, bai dube ni ba ya ce, "Gyara ta."

Na gyara ta da hannuna. Na sa sababbin kawunan nozul, na yi mata juyen baƙin mai, na canza matatar mai. Washegari da sanyinta na tayar, bugu ɗaya ta kama, rawar ta tafi, farin hayaƙi ya ɗauke. Har na fara murna. Sai na ce a taka totur, na koma baya na tsuguna. Abin da nake tsoro shi na gani, wani siririn shuɗi yana bin salansa. Da can farin ne ya rufe shi. Shekarun da gas ya yi yana ɗiga ya wanke man da ke jikin silinda, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe, zobban fistin sun tafi. Na ce wa Kawu ya yi mako guda yana yawo da ita cikin gari, sannan mu duba geji.

Mako ya cika, ya kawo ta tasha ranar kasuwa ya bar ta ta huce, har da sabuwar igiya a ƙofar baya. Na zaro geji. A karon farko tun da na san motar, man ya sauka ƙasa da alama, kuma ba kaɗan ba. Na sake tayarwa, shuɗin ya ƙaru. Da ma tana shan mai tun tuni, gas ne yake cike gurbin har ya yi rara. Yanzu kuwa in ta ɗauki lodi ta yi gudun da rakiya ke yi, ba ni da tabbacin man zai kai ta ya dawo da ita.

Na tsaya da gejin a hannu. Na san abin da kowa yake jira in ce, na kuma san in na ce ta wuce babu wanda zai zarge ni, za ma a ce na yi hankali. Na ce, "Sai an sauke injin, Kawu. Haka nan ba ta shiga."

Wannan karon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara nawa tana ƙara mai, sai da kas sa mata hannu tad daina. Da hannunka kak kore mata albarka." Ya shiga ya ja ta gida, ya ajiye ta ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa, ya rantse babu sifanar da za ta sake taɓa ta. Tana nan har yau, tayoyin sun kwanta, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

Daga ranar Kawu ya ɗauke mini magana. In na yi sallama yakan amsa iyakar abin da addini ya wajabta, ba ya ƙara ko harafi. Ranar salla na je gaisuwa, ya miƙo mini hannu yana kallon bango. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, domin duk duniya bayan mahaifina babu namijin da nake so kamarsa. Mutane suka yi ta zuwa da shawara, in je in durƙusa in ce sharrin shaiɗan ne. Wasu har yanzu cewa suke da ban taɓa motar ba da tana kan hanya. Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma da tana can wani wuri tsakanin nan da Isa, bonet a ɗage, takalman mutane warwatse a gefenta. Durƙuso kam na durƙusa masa sau da yawa, don kawuna ne. Amma in ce hayaƙin nan ban gan shi ba, wannan sai dai a jira wani ya faɗa.

Bayan an gama yankan gero, 'yarsa da ke aure a Isa ta haihu, dole ya je suna. Ina tsugune a ƙarshen layi bayan wata mota sai na ga tashar ta yi wani iri. Kawu ne ya shigo da ƙafa, da babbar riga da ƙunshin goro a hannu, mutumin da tun da ya ajiye motarsa bai sake taka tashar nan ba. Ciyaman ya tare shi da sauri, ya buɗe masa gidan gaba na motar da ta fi kowace sheƙi a layin. Kawu ya gode masa, bai shiga ba. Ya bi layin yana wuce motoci ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina ya tsaya. Na miƙe na gaishe shi.

Ya ce, "Wacce?"

Na ce, "Duka na duba su, Kawu. Duka na sallame su."

"Ban tambaye ka wadda kas sallama ba. Wacce za ka sa Innakka ciki?"

Na nuna masa ta biyar a layi, wata mummuna mai fenti kala biyu, gilashinta na gefe leda ce, amma injinta ko allura ba ya ɗiga. Ya dube ta, ya yi tsaki. Ya tattare rigarsa ya tafi, ya matsa tsakanin wani mai kaji da buhun albasa, ya ja ƙofa ya rufe.